Ƙidaya da Ƙuri'a: Waiwaye Kan Tarihin Zaɓe a Ƙasar Sakaba da Jihar Kebbi

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa ta mujallarmu mun ga ya dace mu ɗan juya baya, mu duba wani al'amari da ya shafi kowane ɗan ƙasar Sakaba, ko yana zaune a Dirin Daji, Makuku, Dankolo ko Janbirni, ko kuwa neman abinci ya kai shi Kaduna, Sakkwato, Abuja ko Legas. Al'amarin shi ne yadda hukumomi suka riƙa ƙidaya mu tun zamanin Turawa, da yadda muka riƙa jefa ƙuri'a, da kuma waɗanda aka bari a baya a cikin wannan tafiya. A mulkin farar hula, da yawan jama'a ake yanka mazaɓu, yana kuma cikin ma'aunan rabon arzikin ƙasa, sa'an nan da ƙuri'a ake hawa kujera. Al'ummar da ba a ƙirga ta daidai ba, ita kuma ba ta fito ranar zaɓe ba, ta yi hasara sau biyu.

Ƙasar da mutanenta

Sakaba ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 4 na masarautar Zuru, tare da Zuru da Fakai da Danko/Wasagu. Hedikwatarta tana Dirin Daji, tana kuma iyaka da Jihar Neja ta ɓangaren Rijau da Mariga. A sarautar gargajiya kuwa, Sakaba na cikin ƙasashe 5 da suka haɗu suka zama masarautar, wato Dabai, Danko, Fakai, Sakaba da Wasagu.

Tun fil azal wannan yanki mazaunin ƙabilu ne masu yawa. Akwai Dakarkari, waɗanda suke kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela. Akwai Dukawa da Kambari da Fakkawa, akwai Acifawa masu harshen Cicipu waɗanda dutsen Korisino yake cibiyar al'adarsu, ga kuma Hausawa da Fulani da suka daɗe ana cuɗanya da su ta hanyar kasuwanci da kiwo da auratayya.

Babban sauyi na farko da ya taɓa yawan jama'ar wannan yanki ya zo ne a ƙarni na 19. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa Kontagora, kuma a zamaninsa da na ɗansa Ibrahim hare-haren kamun bayi sun ɗaiɗaita garuruwa da dama a ƙasashen Kambari da Dukawa da maƙwabtansu. Waɗanda suka tsira da yawa sun haye duwatsu ko sun shige sarƙaƙiyar daji. Bayan Turawa sun ci Kontagora a 1901, jama'a suka fara saukowa sannu a hankali zuwa filayen noma da bakin hanyoyi. Sai dai saukowar ta zo da nata nauyi, domin Bature na ƙirga mutane ne saboda haraji, yana ƙirga shanu saboda jangali. Daga nan kakanninmu suka ɗauki mai ƙidaya a matsayin ɗan aiken haraji, har magidanci kan ɓoye samarin gidansa idan ya ji labarin zuwan malamin ƙidaya. Wannan tsoro ya daɗe a zukata bayan dalilinsa ya gushe.

An ƙirga su, ba a ba su ƙuri'a ba

Zaɓen farko da ya game Jihar Arewa an yi shi ne a 1951, a ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Macpherson. Zaɓe ne mai hawa-hawa: maza masu biyan haraji su zaɓi wakilai a ƙauye, waɗannan su zaɓi na gunduma, a haka har a kai ga lardi. Talaka bai san wanda ƙuri'arsa ta kai majalisar Kaduna ba, hukumar En'e kuma tana da hannu dumu-dumu a kowane mataki.

A zaɓen tarayya na 1959, wanda ya share fagen samun mulkin kai, an ware wa Arewa kujeru 174 daga cikin 312 na majalisar wakilai. An yi wannan rabo ne bisa ƙidayar 1952 zuwa 1953, wadda ta haɗa maza da mata. Amma da ranar zaɓe ta zo, maza kaɗai suka shiga layi a Arewa, alhali matan Kudu suna jefa tasu ƙuri'ar. Ma'ana, iyayenmu mata sun taimaka wajen samar wa Arewa rinjayen kujeru da yawansu, amma ba su da ta cewa a kan wanda zai zauna a kai. Jam'iyyar NPC mai mulki ta tsaya a kan cewa lokaci bai yi ba. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a Kano a 1950, ita ta riƙe tutar neman wa mata wannan haƙƙi, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha duka da ɗauri a kan wannan fafutuka.

A waɗannan shekaru ne kuma ƙananan ƙabilu suka ɗaga murya kan tsoron danniya. Gwamnatin Ingila ta naɗa hukumar Willink a 1957 domin ta saurari kokensu. Rahotonta na 1958 bai amince da ƙirƙiro sababbin jihohi ba, sai ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki. Tun daga wancan lokaci ake ta jan wannan igiya tsakanin masu ganin kariyar ƙaramar ƙabila tana cikin samun jiharta, da masu ganin tana cikin doka mai adalci ga kowa.

Matan Arewa ba su sami damar zaɓe ba sai a 1976, lokacin da gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, sa'an nan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da haƙƙin ga duk ɗan ƙasa, namiji ko mace, da ya cika shekara 18. Idan mai karatu ya lissafa, zai ga shekara 25 ke nan tsakanin ƙuri'ar farko ta namiji da ta mace. Har yau akwai tsofaffi a gidajenmu da suka yi aure suka haihu kafin doka ta yarda su zaɓi ko da kansila.

Daga Neja zuwa Sakkwato, daga Sakkwato zuwa Kebbi

Lokacin samun mulkin kai a 1960 ƙasar Zuru tana cikin Lardin Neja. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya haɗa lardunan Sakkwato da Neja suka zama Jihar Arewa maso Yamma. A watan Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammed ya raba ta biyu, sai aka bar Zuru a Jihar Sakkwato, 'yan uwanmu na Rijau da Kontagora kuma suka faɗa Jihar Neja. Da alƙalami ɗaya aka raba Dukawa da Kambari da Acifawa tsakanin jihohi biyu, kowane ɓangare ya zama tsiraru a inda ya sami kansa. Ranar 27 ga Agusta 1991 Janar Ibrahim Babangida ya ƙirƙiro Jihar Kebbi da masarautu 4: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. Ta fara da ƙananan hukumomi 16, suka zama 21 a 1996.

Abin lura a nan shi ne, cikin shekara 31 babban birnin da muke kai kukanmu ya tashi daga Kaduna ya koma Sakkwato, ya sake komawa Birnin Kebbi, kuma duk waɗannan sauye-sauye da dokar soja aka yi su, babu wanda aka tambayi jama'a ta hanyar ƙuri'a. Wannan na cikin dalilan da suka sa neman Jihar Kainji, wadda za ta haɗa masarautun Zuru da Kontagora da Borgu, ya ƙi mutuwa, har ya shiga jerin jihohin da taron ƙasa na 2014 ya ba da shawarar a ƙirƙiro.

Yadda ƙuri'a ta riƙa juyawa

A Jamhuriya ta Biyu Jihar Sakkwato gidan NPN ce, jam'iyyar Alhaji Shehu Shagari. Alhaji Shehu Kangiwa ya zama gwamna a 1979, bayan rasuwarsa a 1981 Dakta Garba Nadama ya gaje shi. A gajeriyar Jamhuriya ta Uku kuwa, Alhaji Abubakar Musa na NRC ne ya zama gwamnan farar hula na farko a Kebbi a 1992, jihar kuma ta zaɓi Alhaji Bashir Tofa a zaɓen 12 ga Yuni 1993 da aka soke.

Daga 1999 zuwa yau jihar ta ga gwamnoni 4. Alhaji Adamu Aliero ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007 a inuwar APP wadda ta koma ANPP. Alhaji Sa'idu Usman Dakingari na PDP ya karɓa a 2007. Kotun Ƙoli ta soke zaɓensa na 2011 a farkon 2012, aka sake zaɓe ya koma, ya sauka a 2015. Sanata Abubakar Atiku Bagudu na APC ya yi daga 2015 zuwa 2023, sai Dakta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, shi ma na APC, ya hau a 2023. Tun da aka kafa jihar ba a taɓa zaɓen ɗan masarautar Zuru gwamna ba. Kanar Samaila Yombe Dabai ya riƙe kujerar mataimakin gwamna daga 2015 zuwa 2023.

Kujerar sanatan Kebbi ta Kudu, wadda muke tarayya da Yawuri da Ngaski da Shanga, ita ta fi nuna halin masu zaɓe a yankinmu. Danladi Bamaiyi na PDP ya ci a 1999, lokacin da APP ke riƙe da gidan gwamnati. Usman Sani Sami na ANPP ya ci a 2003. Manjo Janar Abubakar Tanko Ayuba, tsohon gwamnan soja na Kaduna, ya ci a PDP a 2007, Manjo Janar Muhammadu Magoro ya biyo shi a 2011 a jam'iyya ɗaya. Bala Ibn Na'Allah, wanda ya taɓa wakiltar mazaɓarmu ta Zuru/Fakai/Sakaba/Danko-Wasagu a majalisar wakilai, ya ci a APC a 2015 da 2019. A 2023 Garba Musa Maidoki na PDP ya kayar da shi. Kujerar ta sauya jam'iyya sau 4 cikin zaɓuka 7.

Abubuwa biyu ne suka fito fili daga wannan jeri. Na farko, mai zaɓe a Kebbi ya iya raba ƙafa. A 2011 jihar ta ba Janar Muhammadu Buhari na CPC rinjaye a zaɓen shugaban ƙasa, ta kuma bar gwamnan PDP a kan kujera. A 2023 ta ba Alhaji Atiku Abubakar na PDP ƙuri'u 285,175, Bola Ahmed Tinubu na APC ya sami 248,088, PDP ta kwashe kujerun sanata uku, amma APC ta ci gwamna. Na biyu, sau da yawa manyan 'yan siyasa ne ke yin ƙaura su tafi da kujera. Sauyin da aka gani a 2007 ya biyo bayan komawar gwamna mai barin gado PDP, haka kuma a 2025 sanatocin jihar uku suka koma APC ba tare da an sake jefa ƙuri'a ko ɗaya ba. Don haka wanda ya ɓata da ɗan uwansa saboda tutar jam'iyya ya yi faɗan da masu tutar kansu ba su ɗauke shi da zafi ba.

Akwai kuma darasi a cikin alƙaluman 2023. Zaɓen gwamna bai kammala ba a watan Maris, sai da aka yi na cike giɓi a watan Afrilu. Dakta Nasir Idris ya tashi da ƙuri'u 409,225, Manjo Janar Aminu Bande na PDP ya sami 360,940. Tazarar ba ta kai 49,000 ba, a jihar da masu rajista suka haura miliyan 2. A zaɓen shugaban ƙasa na wannan shekara kuwa, waɗanda suka fito ba su kai kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ba. Waɗanda suka zauna gida sun fi ƙarfin kowace jam'iyya yawa.

Yawan jama'a: ƙaruwa a takarda, raguwa a ƙauye

Ƙidaya a Nijeriya ba ta taɓa rabuwa da rigima ba. An soke ta 1962 aka sake a 1963, an soke ta 1973 baki ɗaya. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Kebbi mutum 2,068,490, ta 2006 kuma ta ba ta 3,256,541. Ƙarin ya kai kashi 57 cikin 100 a shekara 15, wato kimanin kashi 3 cikin 100 kowace shekara, kuma duk al'ummar da ke ƙaruwa a kan wannan ma'auni tana ninkawa cikin shekara 23 ko 24. A waccan ƙidaya ta 2006 ƙaramar hukumar Sakaba tana da mutum wajen 90,000. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Jaririn da aka haifa a shekarar 2006 ya cika shekara 18 a 2024, ya isa ya yanki katin zaɓe, amma lissafin da ake yi mana rabo da shi na lokacin da yake goye ne.

Ban da haihuwa, abubuwa biyu sun sauya fuskar jama'armu. Na ɗaya shi ne fita neman aiki. Ƙasar Zuru ta yi suna wajen ba da sojoji tun zamanin Turawa, har ta fitar da manyan hafsoshi irin su Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, babban hafsan sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da marigayi Sarkin Zuru Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya rasu a 2025. Bayan manyan akwai dubban ƙananan sojoji da 'yan sanda da malamai da ma'aikata, waɗanda 'ya'yansu suka tashi a bariki da unguwannin birane. Mafi yawan masu karanta wannan mujalla daga cikinsu muke. Ƙidaya tana ƙirga mutum ne a inda ta same shi, saboda haka Kaduna da Legas da Abuja ne suka ci moriyar yawanmu.

Na biyu, kuma mafi ciwo, shi ne ta'addancin 'yan bindiga. A watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe fiye da 60 a dare ɗaya. Kwana kaɗan bayan haka aka kai wa ayarin mataimakin gwamna hari a Kanya, cikin Danko/Wasagu, inda jami'an tsaro da dama suka rasa rayukansu. Ƙauyuka sun watse, manoma sun bar gonakinsu sun koma raɓe a manyan garuruwa. Kakanninmu sun gudu daga fili zuwa dutse a ƙarni na 19, jikokinsu kuma suna gudu daga ƙauye zuwa gari a ƙarni na 21. Ta fuskar zaɓe, wannan na nufin mutum yana da kati amma rumfarsa tana kufai. Hukumar zaɓe ta ƙasa ta ƙara yawan rumfuna zuwa 176,846 a 2021, sai dai rumfa ba ta da amfani a garin da babu mai kwana a cikinsa. Idan kuma mai ƙidaya ya zo ya tarar da kango, sifiri zai rubuta, wannan sifiri kuma zai bi mu shekaru masu yawa.

Mata a layi, maza a kujera

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe a ƙasarmu ya san layin mata ba ya gajarta. Su ne ke sammako da goyo a baya, su jure rana. A gona ma haka abin yake, domin a al'adun wannan yanki mace manomiya ce, 'yar kasuwa ce, al'adar golmo ta Lelna kuwa, wadda saurayi ke shafe shekaru yana noma wa surukai kafin a ba shi mata, shaida ce ta darajar 'ya mace a wurin magabata. Amma duk sunayen gwamnoni da sanatocin da muka lissafa a sama na maza ne. A zaɓen 2023 babu mace ko ɗaya da ta shiga majalisar dokokin jiha mai kujeru 24. A majalisar dattawa ta ƙasa, bayan wancan zaɓe da shari'o'in da suka biyo baya, mata 4 ne cikin 109. Maƙwabtanmu na mazaɓar Yawuri/Shanga/Ngaski sun nuna abin mai yiwuwa ne, tun da sun tura Hajiya Halima Hassan Tukur majalisar wakilai a 2007.

Manufar ƙasa kan daidaiton maza da mata ta 2006 ta tanadi kashi 35 cikin 100 na muƙamai ga mata. A watan Maris na 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurorin da za su ware musu kujeru, a watan Afrilu kuma wata babbar kotun tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta cika wancan alkawari. Jamhuriyar Nijar, wadda Jihar Kebbi ke iyaka da ita, ta kafa dokar ware wa mata kaso tun shekarar 2000, kuma dokar ta ƙara yawansu a majalisar ƙasar a zaɓukan da suka biyo baya. A wurinmu kuwa tushen matsalar ya wuce doka. Takara na cin kuɗi, tarurrukan jam'iyya da dare ake yi, matar da ta yi aure a wata ƙasa kuma a ce mata baƙuwa a gidan miji, a ce ta fita a gidan uba. Sa'an nan ga barazana ga karatun 'ya'ya mata. Sace ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, da sace 'yan mata 25 a makarantar Maga a watan Nuwamban 2025, sun sa iyaye da yawa fargabar makarantar kwana. Yarinyar da aka cire daga aji a yau, ita ce 'yar takarar da za a rasa nan da shekara 20.

Daidaito tsakanin ƙabilu

Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, jinsi, addini ko asali. Sashe na 14 kuma ya wajabta wa gwamnatin jiha da ta ƙaramar hukuma su lura da bambancin jama'arsu wajen rabon muƙamai. Da waɗannan sassa muke kafa hujja idan muna neman haƙƙinmu a Birnin Kebbi, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai doka ɗaya ce ke hawa kanmu a Dirin Daji. Idan muna kukan cewa kujerar gwamna ba ta zagayo kudu ba, ya kamata mu duba ko shugabancin ƙaramar hukuma da kujerar majalisar jiha da guraben aiki suna zagayawa tsakanin gundumominmu da ƙabilunmu, har da na kan duwatsu da na rugage. Ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ko addini ba, don haka duk mai bugun ƙirji cewa su ne masu rinjaye, da baki kawai yake faɗa. A gida ɗaya a ƙasar Zuru akan sami Musulmi da Kirista da mai bin al'adar gargajiya suna ci a ƙwarya ɗaya, suna haɗuwa a bikin Uhola. Wannan gado ne da bai kamata a sayar da shi a kakar zaɓe ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kammalawa

Abin da ya rage shi ne namu aikin, mu mazauna birane. Dokar zaɓe ta 2022 ta yarda mutum ya yi rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda ya fito, ta kuma ba da damar mayar da rajista daga wuri zuwa wuri. Wanda zai iya zuwa gida ranar zaɓe, ya mayar da tasa gida. Wanda ba zai iya ba, ya yi zaɓe a inda yake. Rassan ƙungiyarmu su tattara sunayen ƙauyukan da suka tashi da wuraren da mutanensu suke zaune, a miƙa wa hukumar zaɓe da hukumar ƙidaya tun kafin a fara aiki. A wayar wa dattawa kai cewa mai ƙidaya na yau ba haraji ya kawo ba. Gyaran tsarin mulki na 2018 ya rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, don haka mu nemo matasa da mata masu ilimi da riƙon amana, mu tallafa musu da kuɗin takardar takara, mu fara kuma da shugabancin ƙungiyarmu kanta. Duk ɗan takarar da ya zo neman goyon baya kafin zaɓen 2027, a tambaye shi shirinsa kan komawar 'yan gudun hijira gonakinsu da tsaron makarantun 'ya'yanmu, a rubuta amsarsa a ajiye.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya zaunar da ƙasar Sakaba da masarautar Zuru lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da waɗanda suka tashi gidajensu.